Ginshiƙan dandamalin katako na bayan gida

Ginshiƙan dandamali su ne katakan da ake kafawa a tsaye domin su ɗauki dandamalin shan iska da ake yi a bayan gidaje, musamman a Amurka da Kanada. Aikinsu irin na dirkar rumfa ne. Allunan da ake takawa suna kan katakan da aka jera a kwance, waɗannan suna kan wani ƙaton katako na gicciye, shi kuma yana zaune a kan ginshiƙai, har nauyin ya sauka kan gindin kankare da ke cikin ƙasa. Galibi ginshiƙi daga ƙasa yake fara mutuwa, inda danshi ke kwanciya.

Tarihi

Irin wannan dandamali ya bazu a unguwannin bayan gari na Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma sai wajajen shekarun 1970 ya zama ruwan dare, lokacin da katako mai magani ya cika kasuwa. Maganin da aka fi ɗura wa katakon, wanda ake kira CCA, haɗi ne na jan ƙarfe da kuromiyam da asenik. Wani masani ɗan Indiya, Sonti Kamesam, ya haɗa shi a 1933. Ana tura shi cikin jikin katako da ƙarfin matsi, ya bar shi da ɗan launin kore, gara da fumfuna su ƙaurace masa.

Saboda fargabar gubar asenik, masana'antu suka yi yarjejeniya da hukumar kare muhalli ta Amurka, aka daina sarrafa irin wannan katako domin gidajen zama daga ƙarshen Disamba 2003. Magungunan da suka maye gurbinsa sun fi yawan jan ƙarfe, shi kuwa yana cin ƙusa da noti na baƙin ƙarfe da sauri. Shi ya sa mai gyara a yau ba ya mayar da tsofaffin ƙusoshi. Sai masu kaurin rufin tutiya, ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

A shekarar 2003 ɗin ce kuma, ranar 29 ga Yuni, barandar katako ta wani bene a unguwar Lincoln Park ta Chicago ta rufta ana tsakiyar liyafa, mutum 13 suka rasu, fiye da 50 suka jikkata. An yi ta jayayya kan ko cunkoso ne sanadi ko rashin ingancin aikin. Birnin ya tsaurara binciken baranda bayan haka.

Kauri da tsawo

Tsofaffin dandamali da yawa suna kan katakon da ake kira huɗu-da-huɗu, wanda ainihin kaurinsa inci 3.5 ne, wato milimita 89. Littafin jagora na Majalisar Katako ta Amurka, ƙungiyar masana'antun katako, ya fi son shida-da-shida mai inci 5.5, tsawonsa kada ya wuce ƙafa 14. Siririn ginshiƙi idan ya yi tsawo yakan lanƙwashe tun kafin nauyi ya murƙushe shi, kuma yana murɗewa idan ya bushe. Yawanci ana lissafin cewa kowace murabba'in ƙafa ta dandamalin za ta ɗauki nauyin fam 40 na mutane da kaya, da fam 10 na katakon kansa.

Gwaji

Ana caka sukuddireba a gindin ginshiƙi. Idan ta nutse ba gardama, katakon yana marmashewa, ya ruɓe. Tsagewar da ta bi tsawon itace ba ta cika zama abin damuwa ba.

Gyara

Kafinta kan fara kafa tokara a gefe a kan faffaɗan allo, ya sa jak ya ɗaga katakon gicciye ɗan kaɗan, iya yadda tsohon ginshiƙi zai saki. Ɗagawa da yawa na iya ɓamɓaro dandamalin daga bangon gida, kuma wannan mahaɗa ta bango ita ce aka fi samu da laifi idan dandamali ya rufta. Ginshiƙi ɗaya ake cirewa a lokaci guda.

Sai a duba gindi. A wuraren sanyi dole kankaren ya wuce zurfin da ƙasa ke daskarewa, in ba haka ba ƙanƙara ta riƙa tura shi sama kowane hunturu. A jihar Minnesota zurfin inci 42 ne a kudu, 60 a arewa. A kan kankaren ake ɗaura takalmin ƙarfe da ke ɗaga ƙafar ginshiƙi inci ɗaya, don kada ta zauna cikin ruwa. Duk inda zarto ya yanka sai a shafe shi da magani, domin maganin masana'anta ba ya kai wa tsakiyar katako sosai.

A sama, katakon gicciye zama yake yi a kan ginshiƙi, ko dai a cikin gurbin da aka sassaƙa a ɗaure da noti biyu masu kaurin rabin inci, ko a cikin hular ƙarfe. Tsohon salon manna shi a gefen ginshiƙi, noti kaɗai na riƙe da shi, ƙa'idojin yanzu ba su yarda da shi ba. Idan dandamali yana rangaji, ana buga gajerun katakai a karkace tsakanin ginshiƙi da gicciye.

Saɓani

Wasu magina har yanzu suna binne ginshiƙi cikin ƙasa, suna cewa ya fi hana rangaji. Wasu na ganin hakan gayyatar ruɓa ce. Haka ma goya wa ginshiƙi mai rauni sabon katako a gefe: masu binciken gini da yawa ba sa karɓarsa idan gindin ya riga ya ruɓe.