Kalmomin tseren motoci masu tayoyi a waje

Tseren motoci masu tayoyi a waje wani rukuni ne na wasan tseren mota, wanda ake yi da motoci masu kujera ɗaya tak, tayoyinsu huɗu a fili gefen bodi, babu murfin da ya lulluɓe su. Direba yana kishingiɗe a tsakiyar motar, ƙafafunsa miƙe wajen hancinta, injin kuma yana bayansa. Gasar da ta fi suna ita ce Formula 1, wadda hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, mai hedikwata a Faris take kula da ita. An fara ta a matsayin gasar duniya ranar 13 ga Mayu, 1950, a filin Silverstone na Ingila. Akwai kuma IndyCar ta Amurka, da Formula E ta motocin lantarki da aka soma a 2014, sai Formula 2 da Formula 3 inda matasan direbobi suke koyon hannu.

Formula ba sunan mota ba ne. Tarin ƙa'idoji ne da suka faɗi girman injin, da nauyin mota, da faɗinta, da abin da aka yarda a saka mata. Kowane tsere guda na Formula 1 kuma ana kiransa Giran Firi, kalmar Faransanci ce mai nufin babbar kyauta, domin a Faransa aka fara yin tsere da wannan suna a 1906, kusa da garin Le Mans.

Gasar Formula 1 ba ta taɓa zuwa Najeriya ba. A Afirka ma, Maroko ta karɓe ta sau ɗaya a 1958, sai Afirka ta Kudu da aka yi na ƙarshe a filin Kyalami a 1993. Don haka mutumin Kano a talabijin ko a waya yake ganinta, galibi ranar Lahadi. Tseren da ake yi a Turai yakan tashi wajen ƙarfe biyu na rana agogon Najeriya, ya ƙare dab da la'asar. Gidajen kallo kuwa ƙwallo ce ta cinye su. Wanda ya fara kallo yakan ce motoci ne kawai suke ta zagaye, alhali yawancin kalmomin da masu sharhi suke jefowa a kan abu biyu suke, iska da taya.

Iska

Motar tsere tana da fukafukai, ɗaya a hanci, ɗaya a baya, tun wajen 1968. Fiffiken jirgin sama ɗaga shi yake yi. Na motar tsere an kifa shi ne, saboda haka iska danne motar take yi a kan kwalta, kuma gwargwadon gudu gwargwadon dannawar. Wannan dannawar iska ita ce take sa motar ta sha kwanar da motar gida za ta wuntsila a cikinta. Amma tana da farashi: fiffiken da ya fi danne mota shi ya fi tare iska, sai gudu ya ragu a miƙaƙƙiyar hanya. Shi ya sa a Monako, inda ake tsere cikin matsattsun titunan gari, ake sa manyan fukafukai, a Monza ta Italiya kuwa, inda hanya ta fi miƙewa, ake sa sirara.

Akwai wata dabarar da kamfanin Lotus ya shigo da ita a 1977, wato a sassaƙa cikin motar ta ƙasa yadda iskar da ke wucewa za ta zuƙo ta zuwa kwalta. An hana wannan a 1983 saboda haɗari, aka dawo da shi a 2022. Da dawowarsa sai motoci suka riƙa tsalle-tsalle a miƙaƙƙiyar hanya kamar adaidaita sahu a titi mai gargada, direbobi suna kukan ciwon baya.

Duk ɗan babur ɗin da ya taɓa bin bayan tirela a hanyar Zariya ya san akwai wurin da iska take daina dukan ƙirjinsa, babur ɗin ya yi sauƙi. (Ganganci ne, amma ana yi.) Wannan inuwar iska ita direban tsere yake nema a bayan abokin hamayyarsa: ya lafe a cikinta, ya tara gudu, sannan ya fito gefe ya wuce kafin kwana. Sai dai a cikin kwana lamarin juyewa yake yi. Iskar da motar gaba ta hargitsa ba ta danne fukafukan ta baya yadda ya kamata, sai ta riƙa santsi, tayoyinta su yi zafi. Ita ake kira ƙazamar iska, kuma ita ce dalilin da mota mai gudu takan maƙale a bayan wadda ba ta kai ta ba, zagaye goma ko ashirin. Don rage wannan aka yi amfani da DRS daga 2011 zuwa 2025, wata ƙofa a fiffiken baya da direba yake buɗewa a wuraren da aka ware, in tazararsa da na gaba ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba.

Taya

A Kano, in mai faci ya ga taya ta suɗe zai ce maka ka canja kafin ta kai ka lahira. A filin tsere kuwa suɗaɗɗiyar taya ake so tun daga masana'anta, babu zane ko ɗaya, domin roba ta kama kwalta gaba ɗaya. Mai zane sai an yi ruwa. Kamfanin Pirelli kaɗai yake ba Formula 1 taya tun 2011, kuma ana gane irinta da launin da ke gefenta: ja mai laushi, rawaya matsakaiciya, fara mai tauri, koriya ta yayyafi, shuɗiya ta ruwa mai ƙarfi. Mai laushi ta fi kama ƙasa amma da wuri take cinyewa, mai tauri tana jimrewa amma ba ta da zafin nama. Doka ta tilasta wa kowane direba ya yi amfani da iri biyu a tseren da babu ruwa, wato dole ya tsaya aƙalla sau ɗaya.

Robar ba ta aiki sai ta ɗau zafi. Shi ya sa ake naɗe tayoyi cikin bargon lantarki kafin a ɗaura su, shi ya sa kuma direbobi suke karkaɗa mota hagu da dama a zagayen share fage. Motocin ba su da na'urar hana birki kullewa, don haka in direba ya taka fiye da kima sai taya ta tsaya cak tana gurzar kwalta, hayaƙi ya tashi, wuri guda ya shafe. Daga nan sitiyari sai rawa har a canja ta.

Wurin canjin shi ne fit, layin garejin da ke gefen hanya. In injiniya ya ce wa direba "boks, boks" ta rediyo, shigo yake nufi. Kusan mutum ashirin ne suke jira a durƙushe. Motar tana tsayawa, mai jak na gaba da na baya su cira ta sama. Kowace taya mutum uku ne a kanta: mai bindigar kwance noti, mai zare tsohuwa, mai cusa sabuwa, kuma noti ɗaya ne jal a tsakiya. Kafin mai kallo ya kai kofin shayi baki an gama. Kanikawan kamfanin McLaren sun yi shi cikin daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Ba a ƙara mai a Formula 1 tun 2010, amma a IndyCar har yanzu ana ƙarawa.

Asarar ba a tsayuwar take ba, a shiga da fita take, domin layin yana da iyakar gudu, galibi kilomita 80 a awa, abin da kan ci daƙiƙa ashirin ko fiye. A nan ake shammatar juna. Wanda ya kasa wuce na gabansa a kan hanya sai ya riga shi shiga, ya fito da sabuwar taya ya ba ta wuta. Kafin wancan ya shiga ya fito, ya tarar an sha gabansa. Masu sharhi suna kiran wannan andakot. Sau da yawa ta haka ake cin tsere, direban bai wuce kowa a idon jama'a ba.

Sahu da tashi

Ranar Asabar ake gwajin neman gurbi, kashi uku, ana zubar da masu nawa har a rage goma. Wanda ya fi saurin zagaye ɗaya shi ke tsayawa a goshin sahu, matsayin da ake kira fol. Daga sukuwar dawaki aka aro kalmar, inda take nufin gurbin da ke jikin sandar shingen ciki, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin sukuwa na Kano ya san dokin ciki ya fi na waje gajeriyar hanya. Daga fara wannan gwaji motoci suna shiga wani takunkumi, ba a yarda kanikawa su sake musu saiti ba sai ɗan abin da doka ta ƙyale.

Ranar tsere fitilu biyar ja suke kamawa ɗaya bayan ɗaya, kamar danja. Ba a jiran koriya, mutuwarsu gaba ɗaya ita ce alamar tashi. Wanda ya riga malam masallaci alƙalan gasa su ƙara masa daƙiƙoƙi. Tsawon tsere shi ne adadin zagayen da zai haura kilomita 305, ban da Monako da ake yin kimanin 260.

A kwana, direba yana buɗewa waje, ya yanko ya shafi gefen ciki, ya sake fita waje. In ya juya sitiyari gaban motar ya ƙi bi, hanci ya yi gardama ke nan. In bayan ne ya zame yana neman wuce gaba, wannan ya fi ban tsoro, ko da yake wasu direbobin sun fi son mota mai irin wannan rawar kai.

Tutoci da kariya

Tuta rawaya haɗari ne a gaba, a rage gudu, ba wucewa. Ja a dakatar da tsere. Shuɗiya ana nuna wa wanda na gaba suka zagayo suka cim masa ya ba da hanya, baƙa kora ce, mai ɗigon baƙi da fari kamar allon dara kuma ita ce ƙarshe. In hanya ta ɓaci sai motar kariya ta fito kowa ya jeru a bayanta, ratar da na gaba ya sha wahalar tarawa ta tashi a banza.

Kusan kowane abin kariya yana da gawa a bayansa. Mutuwar direba Ayrton Senna a filin Imola na Italiya ranar 1 ga Mayu, 1994, kwana ɗaya bayan ta Roland Ratzenberger, ta sa aka sake fasalin motoci da filaye. Haɗarin Jules Bianchi a filin Suzuka na Japan a 2014 ya kawo tsarin da ake umartar kowa ya rage gudu lokaci guda ba tare da motar kariya ta fito ba. A 2018 aka kafa halo, wani baka na ƙarfen taitaniyom a saman kan direba. An yi ta kushe shi cewa ya ɓata wa mota kyau, har ranar da motar Romain Grosjean ta tsaga shingen ƙarfe a Bahrain a 2020, ta rabe biyu ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannuwa.

Maki

Goman farko ne suke samun maki, daga 25 na na ɗaya, 18, 15, har zuwa 1. Kambu biyu ake nema a shekara, na direba da na kamfanin da ya ƙera motar, kuma na biyun ne yake raba kuɗi. Michael Schumacher da Lewis Hamilton kowannensu ya ci na direbobi sau bakwai. Ukun farko suna hawa dandamali a yi ta fesa giyar shamfen, sai a wurare irin su Bahrain da ake musanya ta da abin sha marar barasa. A tseren Indianapolis 500 na gasar IndyCar kuwa, wanda ake yi tun 1911, mota 33 suna zagaye 200, madara ake miƙa wa wanda ya ci. Al'adar ta samo asali ne daga Louis Meyer, wanda ya ci a 1936 ya sha nonon da aka cire wa mai, kusan abin da muke kira tsala.