Kafin Kansas City Chiefs su shiga fili: tambayoyi da amsoshi kan sharhin share fage

Duk mako a kakar NFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, daga Satumba zuwa farkon Janairu, magoya bayan Kansas City Chiefs kan cika intanet da hasashen wasan da ke tafe. Mafi yawansa yabon Patrick Mahomes ne, tauraron ƙungiyar mai jefa ƙwallo, da lissafin kofuna. Sharhin da ke da amfani kuwa daga wani wuri yake farawa, wajen ƙattin nan biyar da ke tsaye gaban Mahomes, waɗanda ba kasafai kyamara ke bin su ba.

Wanda ya saba da gasar Firimiya, me ya kamata ya fara riƙewa?

A ƙwallon ƙafar Amurka, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi 10. In ta ci, a sabunta mata huɗun. In ta kasa a ta uku, yawanci sai ta doka ƙwallon nesa ta sallama, ko ta buga ta tsakanin sanduna ta sami maki 3. Kai ƙwallo ƙarshen fili, wato tacdawun, maki 6 ne, da ƙarin 1 ko 2 bayansa. Ƙungiyoyi 32 ne, kowace na buga wasa 17 kacal a kaka, bakwai daga kowane ɗaya cikin ɓangarorin gasar biyu su wuce zagayen sili ɗaya ƙwale. Chiefs na rukunin AFC ta Yamma tare da Broncos da Raiders da Chargers, kuma suna karawa da kowace sau biyu. Ƙarancin wasannin nan shi ya sa kowane ɗaya ke da nauyi, shi ya sa kuma alƙaluman wasa uku ko huɗu ke saurin yaudarar mutum.

Me ya sa ba da Mahomes za a fara ba, alhali shi ne tauraron?

Saboda kwatabak, wato mai jefa ƙwallo irin Mahomes, komai gwanintarsa, yana buƙatar wajen daƙiƙa biyu da rabi kafin masu cafke ƙwallo su isa inda zai jefa musu. Masu saya masa wannan lokaci su ne 'yan katanga biyar: santa a tsakiya, gad biyu a gefensa, takul biyu a ƙarshen dama da hagu. Wasannin Super Bowl uku, wato wasan ƙarshe na lashe kofin kaka, sun isa hujja.

A Fabrairun 2021 Chiefs sun fuskanci Tampa Bay Buccaneers ba tare da takul ɗinsu biyu ba. Mitchell Schwartz na jinyar baya, Eric Fisher kuma jijiyar dunduniyarsa ta tsinke mako biyu kafin wasan. Aka ɗauke Mike Remmers daga dama aka kai shi hagu, aka janye Andrew Wylie daga gad zuwa takul. Mahomes ya kwana gudun ceton kai, Chiefs ba su ci tacdawun ko ɗaya ba, aka tashi 31 da 9.

Cikin 'yan watanni ƙungiyar ta sake katangar: ta ɗauko Joe Thuney da Orlando Brown, ta zaɓo matasa Creed Humphrey da Trey Smith. A Fabrairun 2023 suka haɗu da Philadelphia Eagles, waɗanda suka kayar da kwatabak kafin ya jefa ƙwallo sau 70 a kakar. Ko sau ɗaya ba su yi wa Mahomes irin wannan kayarwa ba, duk da yana ɗingishi da ciwon idon sawu. Chiefs suka ci 38 da 35.

Bayan shekara biyu aka sake haɗuwa a New Orleans. A kakar 2024 Chiefs sun gwada mutum bayan mutum a takul na hagu ba wanda ya zauna, har suka mayar da Thuney can. Kamar magini ne ya zare tubali daga wannan bango ya toshe wancan: hagu bai samu takul na asali ba, gurbin gad kuma ya rasa gwaninsa. Eagles suka kayar da Mahomes sau 6, suka ƙwace jifarsa biyu, Cooper DeJean ya ruga da ɗaya har ƙarshen fili. Kafin hutun rabin lokaci 24 da nema ne, aka ƙare 40 da 22. Kwatabak ɗaya ne, koci ɗaya ne, Andy Reid, a duk wasannin uku. Abin da ya sauya shi ne katanga.

To ta yaya mai sharhi zai san halin katangar tun kafin ranar wasa?

Ta rahoton rauni, wanda dokar NFL ta wajabta wa kowace ƙungiya ta fitar. In wasan Lahadi ne, ana fitar da shi Laraba da Alhamis da Juma'a, kuma yana nuna ko ɗan wasa bai yi atisaye ba, ko ya yi kaɗan, ko ya yi cikakke. Ranar Juma'a ake ƙara hukunci: ba zai buga ba, da wuya ya buga, ko akwai shakku. Jerin kwanakin ake karantawa, ba kwana ɗaya ba. Tsohon ɗan wasa da ya huta Laraba ya dawo Alhamis, hutu kawai aka ba shi. Wanda kuwa ya yi cikakken atisaye Laraba, Alhamis ya koma kaɗan, Juma'a bai fito ba, sabon ciwo ne ya same shi a tsakiyar mako, kuma wannan ya fi ban tsoro.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta cewa wane ba zai buga ba a tsaya nan. Tambaya ta gaba ita ce wa zai maye gurbinsa, kuma mutum nawa za a motsa saboda shi. Rashin mutum ɗaya da ya jawo sauya wa uku wuri ya fi rashin biyu da aka maye kai tsaye illa, domin 'yan katanga da sabo suke aiki. Idan masu tsaro biyu suka yi musayar hanya, ɗaya ya kutsa ciki ɗaya ya zagayo, dole gad da takul su miƙa wa juna mutum ba tare da magana ba. Waɗanda ba su taɓa tsayawa kafaɗa da kafaɗa ba a nan suke ɓarin mutum.

Sai mataki na ƙarshe: minti 90 kafin a take wasa kowace ƙungiya na fitar da sunayen waɗanda ba za su sa riga ba. Hasashen da aka rubuta Juma'a bai kammala ba sai an gwada shi da wannan jerin.

Tunda matsa wa Mahomes ne maganinsa, me zai hana abokan hamayya su turo masa mutum shida?

Lissafi ne ke hanawa. Masu tsaro 11 ne, masu iya cafke ƙwallo 5. In aka turo huɗu, bakwai na baya suna gadin biyar. In aka turo shida, saura biyar a kan biyar, kowa da nasa, ba mai taimako. Kwatabak mai saurin gane fili yana ganin inda aka bari, ya saki ƙwallo kafin a iso shi, kuma Mahomes ya daɗe yana azabtar da masu yi masa haka. Masu horar da tsaro, Todd Bowles na Buccaneers da Vic Fangio na Eagles, hanya ɗaya suka bi a wasannin Super Bowl ɗin nan: huɗu a gaba, sefti biyu, wato masu tsaron ƙarshe, can baya suna toshe doguwar jifa. Fangio bai turo ƙarin mutum ba ko sau ɗaya a jifar Mahomes a wasan New Orleans na 2025.

Don haka abin dubawa a kowane mako shi ne ko 'yan gaban abokin karawa huɗu za su iya isa kwatabak su kaɗai. In za su iya, wasan zai yi wa Chiefs wuya ko da ƙungiyar tana ƙasan teburi. In sai sun ƙara mutum, Chiefs na da rinjaye.

Yawan nasara fa? Ƙungiyar da ta ci 15 cikin 17 ai ba a yi mata gardama.

Ana yi. A kakar 2024 Chiefs sun ci 15, amma 11 daga ciki da tazarar maki 8 ko ƙasa da haka ne. Da Ravens, ɗan yatsan ƙafar ɗan wasansu Isaiah Likely ne ya taka layi a daƙiƙar ƙarshe aka soke tacdawun. Da Broncos, Leo Chenal na Chiefs ne ya tare bugun sanduna na ƙarshe aka tashi 16 da 14. Da Raiders, su da kansu suka ɓarar da ƙwallo suna dab da bugun nasara. Jimillar makin da Chiefs suka ci ya ɗara wanda aka ci su da 59 kawai a duk kakar, ko da yake adalci ne a tuna cewa 38 sun zube a wasan ƙarshe da Broncos, inda aka hutar da manyan 'yan wasa.

Akwai gwaninta a cin wasan kusa, ba mu musanta ba, kuma Reid da Mahomes sun iya tafiyar da agogo fiye da yawancin takwarorinsu. Amma irin wannan jeri ba ya ɗorewa. Minnesota Vikings sun ci wasan kusa 11 cikin 11 a 2022, suka faɗi a zagayen farko hannun Giants, shekara ta gaba suka ci 7 kawai. Chiefs ma a kakar 2025 ba su shiga sili ɗaya ƙwale ba, karo na farko tun 2014.

Waɗanne alƙaluma ne suka cancanci shiga sharhi?

Jimillar yadi ba ta faɗin gaskiya, domin ƙungiyar da aka yi wa nisa takan tara yadin banza a ƙarshen wasa lokacin da masu tsaro suka ja baya. Yadi nawa ake ci a kowane taɓi ya fi auna ƙarfi, kuma matsakaicin gasar yadi 5 ne da ɗoriya. Sai dama ta uku: ana cin wajen kashi 40 cikin 100, amma a duba nisan da ya rage. Saura yadi 2 da saura yadi 9 ba abu ɗaya ba ne, kuma ƙungiyar da kullum take samun kanta a saura 9 matsalarta tana dama ta ɗaya da ta biyu, ko a laifin riƙo mai cin yadi 10. Sai yadi 20 na ƙarshe: shiga uku da suka ƙare da bugun sanduna maki 9 ne, in tacdawun ne da ƙarin maki 1 bayan kowanne, 21.

Ƙwallon da ta suɓuce ta faɗi ƙasa kuwa, wanda zai tsince ta sa'a ce mafi yawa. Kada a gina hasashe a kan cewa wata ƙungiya ta tsinci shida cikin bakwai a watan jiya.

Tsaron Chiefs ɗin kansa me ake dubawa?

Steve Spagnuolo, wanda ya karɓi tsaron a 2019, akasin Fangio ne: yana son turo ƙarin mutum daga inda ba a zata ba, musamman a dama ta uku mai muhimmanci. A Super Bowl na Fabrairun 2024 da San Francisco 49ers, saura minti biyu, ya turo Trent McDuffie daga gefe ya doke jifar kwatabak ɗinsu Brock Purdy, dole 49ers suka gamsu da maki 3. A ƙarin lokaci Chris Jones ya kutso ba wanda ya tare shi, Purdy ya jefa a gaggauce, aka sake komawa maki 3, Chiefs suka amsa da tacdawun, 25 da 22. Salon na buƙatar 'yan gadin gefe masu iya tsare mutum su kaɗai. Makon da biyu daga cikinsu ke jinya, ko dai Spagnuolo ya rage farmakin ko ya sha doguwar jifa. Sannan a tambaya ko kwatabak ɗin abokan karawa sabon shiga ne, domin matasa ne suka fi ruɗewa da irin wannan ɓad da kama.

Kallon tsofaffin wasannin abokin hamayya yana da amfani ga mai goyon baya?

Sosai, in an san abin nema. A bar bin ƙwallo, a kalli abin da ke faruwa kafin a sake ta. Idan mai cafke ƙwallo ya ruga daga wannan gefe zuwa wancan, ɗan tsaro ɗaya ya bi shi, tsaron mutum-da-mutum ne. In ba wanda ya bi, yanki suke gadi. A Super Bowl na Fabrairun 2023, Chiefs sun lura 'yan bayan Eagles na saurin wuce gona da iri wajen tarar mai irin wannan gudu a bakin layin ci. Kadarius Toney ya fara gudun, ya juya baya nan take, ya tsinci kansa shi kaɗai. Jim kaɗan aka maimaita a ɗaya gefen da Skyy Moore. Tacdawun biyu daga ɗabi'a ɗaya da aka gano a bidiyo. Wasa biyu ko uku na baya-bayan nan sun wadatar, kuma a fi mai da hankali kan dama ta uku da bakin layin ci.

Fili da yanayi suna sauya hasashe?

Arrowhead, filin wasan Chiefs, wanda aka buɗe a 1972, ba shi da rufi, kuma a 2014 an auna ihun 'yan kallonsa ya kai desibel 142.2 a wasa da Patriots. Amfanin ihun a aikace shi ne 'yan katangar baƙi ba sa jin kiran kwatabak, sai su koma kallon ƙwallo ko alamar hannu. Takul ya makara da ƙiftawar ido, ko ya riga lokaci a ci su yadi 5.

Sanyi kuwa ana zuzuta shi fiye da kima. A Janairun 2024 an buga da Miami Dolphins cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, har hular kwanon Mahomes ta fashe, amma ya yi jifa fiye da 40, aka ci 26 da 7. Iska mai ƙarfi ce ke karkatar da doguwar jifa da bugun sanduna, ita ya kamata a nema a hasashen yanayi. A Denver kuma, gidan Broncos, mai tsayin kusan mita 1,600, ƙwallo ta fi tafiya nesa, masu tsaro kuma sun fi saurin haki in an daɗe ana riƙe da su a fili.

Da ƙarfe nawa wasannin ke kamawa a Najeriya da Nijar?

A Satumba da Oktoba, wasannin farko na Lahadi suna farawa ƙarfe 6 na yamma, na biyu wajen 9 da minti 25 na dare, na dare kuma ƙarfe 1 da minti 20. Daga farkon Nuwamba, da Amurka ta mayar da agogonta baya, sai a ƙara awa ɗaya a kowanne. A Gana a rage awa ɗaya. Jerin waɗanda ba za su buga ba a wasan ƙarfe 6 yana fitowa ƙarfe 4 da rabi. Da yawa daga shafukan hasashe na Amurka tallar kamfanonin caca suke yi a fakaice, kuma ana gane su da cewa za su cika shafi da tazarar maki ba tare da sun ambaci sunan takul ko ɗaya ba.