Soja ma ana iya cin zarafinsa

Mun daɗe muna jin ana cewa ba a iya yi wa soja fyaɗe, balle namiji, kuma wanda bai yi kokawa ba ai da yardarsa. Masu faɗin haka ƙarfin soja suke dubawa, amma zancen ba haka yake ba.

A bariki, muƙami ya fi ƙarfin damtse. Ƙaramin soja da aka horar da bin umarni yana tsoron hukunci, ko a hana shi ƙarin girma, sai ya haɗiye maganar. Likitoci kuma sun san cewa tsananin firgita kan sandarar da jiki, mutum ya kasa motsi ko ihu. Wannan ba yarda ba ce, ko kusa.

Kowa na iya tantancewa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, tana intanet. Sashenta na farko ya ɗauki namiji da mace duka a matsayin waɗanda ake iya yi wa fyaɗe, ya kuma soke yardar da aka samu da barazana.

Wanda abin ya shafa ya garzaya asibiti cikin awa 72 don maganin rigakafin ƙanjamau. Don Allah ku tura wa 'yan uwa, musamman iyalan bariki.