Gejin mai ya daina faɗin gaskiya a tsohuwar akori-kura: tambayoyi da amsoshi

Tsofaffin Hilux, da fijo 504 akori-kura irin wadda aka haɗa a Kaduna, har yau suna ɗaukar buhunan masara daga ƙauye zuwa kasuwa, amma da yawansu gejin mai ya mutu tuntuni. Direba da lissafin kai yake tafiya, ga jarka a baya. Gyaran kuwa ba ya cin kuɗi sosai, in dai an san inda za a fara.

Ta yaya ma gejin yake sanin yawan man da ke tanki?

Cikin tanki akwai wani ɗan kumburarren abu mara nauyi da ke yawo a saman mai, wanda makanikai ke kira fulota. An ɗaure shi a bakin siririn ƙarfe. Mai na raguwa yana sauka, ƙarfen kuma yana jan wani ɗan harshe a kan layin siririyar waya da aka nannaɗe. Matsayin harshen shi ke ƙara ko rage wutar da ke wucewa, allurar dashbod kuma wannan wutar take karantawa. Waya guda ce ke tahowa daga geji zuwa tanki, wutar ta koma ta jikin ƙarfen mota. Wuraren zargi ke nan: fiyus, gejin kansa, wayar, na'urar cikin tanki, da mahaɗar da wuta ke komawa jiki.

Allurata ta kwanta a E ko na cika tanki. In sayi sabon geji?

Dakata tukuna. Gejin dashbod shi ne ya fi kowa zama cikin inuwa, ba ruwa ba laka, don haka ba kasafai yake fara mutuwa ba. Duba fiyus. Sannan ka kalli gejin zafin inji: idan su biyun suka mutu tare, ko suka tashi sama tare, matsalar tana bayan dashbod. Tsofaffin motoci da yawa suna da ɗan abin daidaita wuta guda ɗaya da ke ciyar da gejin mai da na zafi. A tsofaffin Ford wuta mai ƙarfin kusan bolt 5 yake ba su.

Idan na zafi lafiya lau yake, sai a shiga ƙarƙashin mota.

Wane gwaji ne zai raba gardama tsakanin tanki da dashbod?

Cire soket ɗin da ke saman tanki, ka murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, wani ya zauna yana kallon allura. A tsohuwar Toyota allura za ta sauka E. Sai ka haɗa wayar geji da ƙarfen shasi ta cikin ƙaramin ƙwan fitila, mai wat 3.4 littafin gyaran Toyota ya ce a sa. Idan ƙwan ya kama, allura ta fara hawa zuwa F, to geji da waya sun fita daga zargi, laifin yana tanki. Idan ba ta motsa ba, maimaita gwajin a bayan gejin kansa: ta motsa a can, waya ce ta tsinke a hanya.

Masu wayarin da yawa kan goga wayar a shasi kai tsaye ba ƙwai. Yana nunawa, amma kada ya wuce daƙiƙa kaɗan, domin tsohon geji da zafin waya yake motsa allura, kuma yana iya ƙonewa. Wata kasadar: in famfon mai a cikin tanki yake, soket ɗin na ɗauke da wayarsa mai bolt 12. Tabbatar da wayar da ka kama kafin ka taɓa ƙarfe da ita.

Na cire wayar, sai allura ta haura F maimakon ta sauka. Ya lalace ke nan?

Ba lallai ba. Kowane kamfani da tsarinsa. Na'urar tankin tsohuwar Toyota tana ba da kusan om 110 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta) in tanki ya bushe, kusan 3 in ya cika. Ford na kafin 1987 kusan 73 a bushe, 10 a cike. Tsofaffin Chevrolet da GMC kuwa a juye suke: 0 a bushe, 90 a cike, saboda haka tsinkewar waya a wurinsu cikakken tanki take nunawa.

Wannan ne ke cin masu sayen kayan gwanjo. Na'urar ta shiga ramin tanki daidai, kusoshi sun ɗauru, amma lissafinta ba na gejin ba ne. Sai ka ga mai na raguwa allura na hawa. A tafi kasuwa da mitar gwada wuta, a auna kafin a biya.

Allurar tana tsalle, musamman a hanya mai gargada.

Yawanci mahaɗar jiki ce. Tsatsa da busasshiyar lakar damina kan ci wurin da wayar ke ɗaure a shasi. Kwance kusar, goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ɗaure tamau, shafa ɗan giris. Don tabbatarwa tun kafin haka, ja wata waya daga murfin na'urar zuwa tsabtataccen ƙarfe. Allura ta natsu, an gama.

In ba ta natsu ba, layin da harshen ke gogawa ne ya cinye. Ciro na'urar, ɗora mita, ɗaga ƙarfen a hankali daga ƙasa zuwa sama. Lamba ya kamata ta riƙa sauyawa sannu a hankali. Inda ta ɓace ta dawo, nan ya cinye, kuma galibi daidai wurin da mai ya saba tsayawa ne. Motar da kullum galan biyu ake zuba mata daga 'yan bumburutu, ƙasan layin ne ke ƙarewa. Tunda tana hannunka, girgiza fulotar kusa da kunne. Jin motsin mai a ciki na nufin ta huje, ta nutse, shi ya sa take nuna E. Leƙa gindin tanki kuma, ko dutse ya loɓa shi ya tokare ƙarfen.

Dole sai an sauke tanki?

Ya danganta da mota. A wasu hannu na isa saman tanki daga ƙasa, a wasu kuma kwance kusoshin bodin baya a ɗaga shi ya fi sauke tanki sauƙi. Ko wanne ne, a cire kan batir na negatib, a yi aikin a fili, ba sigari, ba mai walda a kusa. Tankin da ya kusa bushewa ya fi cikakke haɗari, don tururin fetur ne ke fashewa. A mayar da murfi da sabuwar robar bakinsa, in ba haka ba warin mai zai biyo baya duk ranar da aka cika tanki.

Kafin in samu kuɗin gyara fa?

Cika tanki, rubuta lambar kilomita, ka sake cikawa bayan tafiya don ka san abin da motar ke sha da kaya da kuma ba kaya. Kada ka bari ya ƙare ƙarƙaf: famfon cikin tanki da man yake sanyaya, mai shan gas kuma in ta zuƙi iska sai an fitar da ita daga layi kafin ta sake tashi.