Jan baki, kabare da mulufi: wanne ne a cikin haɗari?

Shin duk tsuntsu ɗaya ne?

A'a, 'yan gida ɗaya ne dai, dangin masu saƙa sheƙa. Da damina ba a ruɗe su. Namijin kabare rawaya ne mai baƙin kai, yana rataye a reshe yana saƙa da ɗanyar ciyawa. Namijin mulufi ja ne wur, cikinsa baƙi, ka gan shi ɗare kan karan gero. Shi kuwa jan baki, bakinsa ya ba shi suna. Da rani mazan kan zubar da ado su koma launin ƙasa kamar matan, sai yaro mai tsaron gona ya kira su duka jan baki.

Jan baki zai iya ƙarewa?

Babu alama. An ƙiyasta yawansa ya kai biliyan 1.5 a Afirka, ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya. Ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi a sahun da ba a fargaba a kai, tare da kabare da mulufi. Manomin shinkafa a Auyo ta jihar Jigawa ba ya buƙatar a gaya masa. Tun asuba yaransa ke jan igiyar gwangwanaye suna ihu, ciyawar kachala da ta cinye fadamar Haɗeja kuma ta zame wa tsuntsun makwanci.

To, ina abin damuwar?

Ga ɗan uwansu malimbe na Ibadan. Masana sun fara bayyana shi a 1958, ba a samunsa ko'ina sai kudu maso yammacin Nijeriya, kuma yana sahun masu fuskantar ƙarewa saboda saran daji. Jan baki yana bin ruwan sama daga ƙasa zuwa ƙasa, ya ci irin ciyawa, ya ci hatsi. Malimbe kuwa daji ne gidansa, an sare shi ke nan ya rasa wurin zuwa.

Feshin jirgin da ake yi wa jan baki fa?

Nan ne raina ba ya kwanciya. Asarar manomi gaskiya ce, ba na raina ta. Amma gubar fenthion da ake fesawa ba ta tantancewa: tana kashe ƙananan tsuntsayen da suka kwana kusa, har da shirwa da mujiyar da suka ci gawar. A yankin Haɗeja da ke da dausayin Baturiya, masaukin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai, ya kamata a tabbatar makwancin jan baki ne kafin jirgi ya tashi.