Dungeons & Dragons da asalin wasan kwaikwayon kan tebur

Wasan kwaikwayon kan tebur wasa ne da mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya zama shi, mutum ɗaya kuma ya riƙe ragamar labarin. Shi zai ce kun iso bakin kogo, ga dodo yana barci a kan tarin zinariya, me za ku yi? Kowa ya faɗi nasa, sai a jefa dayis a ga ko abin ya yiwu. Ba irin na ludo kaɗai ba fa, har da mai fuska 20. Kamar tatsuniya ce dai, sai dai masu saurare su ma suna da ta cewa a yadda za ta ƙare.

Tushensa wasannin yaƙi ne. Tun ƙarni na 19 sojojin Prussia, wata tsohuwar daular Jamusawa, suke koyon dabarun yaƙi da wani wasa mai suna Kriegsspiel, a kan taswira, da alƙali a tsakani. A Amurka, Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da dokokin wani wasan yaƙi mai suna Chainmail a 1971, sai Dave Arneson ya zo da dabarar da ta sauya komai, maimakon ka riƙe runduna guda ka riƙe mutum ɗaya kawai, yana da suna, yana ƙara ƙarfi daga wannan zama zuwa na gaba, in ya mutu kuma ka ji zafin abin sosai. Gygax da Arneson suka haɗu suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974 ƙarƙashin kamfanin TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, bugun farko kwafi 1,000 ne kacal.

A shekarun 1980 wasan ya sha suka, wasu iyaye da malaman coci suka dage wai yana koya wa yara tsafi da bautar shaiɗan, har wata mata Patricia Pulling ta kafa ƙungiya a 1983 don yaƙarsa. Surutun nan ma sai ya zama talla, ciniki ya ƙaru. Daga baya TSR ta shiga matsalar kuɗi, kamfanin wasanni na Wizards of the Coast ya saye ta a 1997, kamfanin kayan wasa na Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999.

Inda tasirinsa ya fi girma kam gem ne na kwamfuta da waya. Wannan layin jinin da ke raguwa in an buge ka, da tara maki ka hau lebul na gaba, da zaɓen ko mayaƙi kake so ko matsafi, duk daga teburin nan suka samo asali, suka ratsa ta Dragon Quest na 1986 da Final Fantasy na 1987 a Japan. Mutane da yawa suna buga su kullum ba su taɓa jin sunan Arneson ba. Shi kansa wasan tebur ɗin ya sake farfaɗowa bayan bugu na biyar a 2014, musamman da aka fara nuna shi kai tsaye a intanet a shirye-shirye irin su Critical Role tun 2015.