Waiwaye: Yadda Aka Bi Sawun Iskar Rana Mai Gudu Har Zuwa Ramukan Korona

Abin da ake kira iskar Rana kwararar ƙwayoyin furoton da ilektiron ce, da ɗan hiliyom, masu fita daga korona, wato zazzafan saman Rana da ke bayyana kamar farin gashi a kewayen Wata lokacin husufi. A taƙaice kashi biyu ce: mai tafiyar kilomita 300 zuwa 500 a daƙiƙa, da mai gudun kilomita 700 zuwa 800. Neman mafarin ta biyun ya ci shekaru, kuma wahalarsa ɗaya ce tun farko. Madubin hangen nesa da ke kallon Rana ba ya taɓa iskar, na'urar da ke taɓa iskar kuma ba ta ga inda ta taso ba. Dole sai an haɗa su.

Alamar farko daga ƙasa aka same ta. A 1932 Julius Bartels, masani Bajamushe, ya nuna cewa wasu rikice-rikicen maganaɗisun Duniya suna dawowa duk kwana 27, daidai da juyawar Rana sau ɗaya kamar yadda ake ganinta daga nan. Abin ɗaure kai shi ne sau da yawa babu wani baƙin tabo a fuskar Rana da za a ɗora wa laifi. Sai ya sa wa wuraren da ba a gani ba suna, yankunan M, aka ci gaba da nema. Ludwig Biermann ya kawo hujja daga wutsiyar taurari masu wutsiya a 1951, Eugene Parker ya fitar da lissafin iskar a 1958, sannan kumbon Mariner 2, a hanyarsa ta zuwa Zuhura a 1962, ya auna ta wata da watanni. Marcia Neugebauer da Conway Snyder suka ga iskar ba ta yankewa, kuma akwai ƙoramu masu gudu da ke dawowa duk kwana 27.

Ramukan korona kansu, wato wurare masu duhu a cikinta, Max Waldmeier ya lura da su a shekarun 1950 daga Suwizalan, a gefen faifan Rana kawai. Ganin su a kan fuskar faifan ya fara ne da hasken eksire da ultrabayolet mai ƙarfi, waɗanda sararin Duniya ke tarewa. A 1973 Krieger da Timothy da Roelof suka ɗauki hoton eksire da wata roka ta ɗauko a 1970, suka haɗa shi da ma'aunin iska daga kumbo, suka nuna ƙorama mai gudu ta fito daga wani baƙin fili a hoton. Tashar sararin samaniya ta Skylab, daga 1973 zuwa farkon 1974, ta maimaita wannan juyi bayan juyi har shakka ta kau. Yankunan M na Bartels ramukan korona ne: wurare masu ƙarancin ƙwayoyi da ƙarancin zafi, inda layukan maganaɗisu ba sa lanƙwasowa su koma Rana, sai su miƙe zuwa sarari.

Hanyar da aka bi a lokacin ita ce ake bi har yau, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Mataki na farko lissafin komawa baya ne. Daga Rana zuwa Duniya kilomita miliyan 150 ne. Iska mai gudun 700 tana cinye su cikin kwana biyu da rabi, mai 400 kuma cikin kwana huɗu da sulusi. Rana tana juya kusan digiri 14 a yini, don haka mafarin ta farko ya matsa yamma da digiri 35 kafin ta iso, na ta biyu kuma ya wuce digiri 60. Da wannan ake mayar da ma'auni zuwa wani ƙwallo na lissafi da aka kewaye Rana da shi, mai nisan ninki biyu da rabi na rabin faɗinta daga cibiya. Mataki na biyu, daga wannan ƙwallo zuwa fuskar Rana, ana bin layukan maganaɗisu ne da wani tsarin lissafi da aka ƙirƙiro a 1969, wanda ake ciyar da shi da taswirar maganaɗisun fuskar Rana.

Kowane mataki da inda yake zuba. Na farko yana ɗauka cewa gudun iskar bai canza ba tun daga tashi, alhali tana ƙara gudu kusa da Rana, kuma mai gudu tana cim ma mai nawa a hanya ta matse ta, gudun dukkansu ya sauya. Kuskuren digiri goma a nan ba abin mamaki ba ne, ga shi akwai ramukan da faɗinsu bai fi haka ba. Na biyu ya fi muni. Rabin Rana kawai ake gani daga Duniya, don haka taswirar ɗinki ce ta tsawon kwana 27, wani ɓangarenta ya kwana biyu ƙwarai. Idan sabon yankin tabo ya ɓullo a bayan Rana, taswirar ba ta san da shi ba, amma ya riga ya karkatar da layukan. Ƙuryar arewa da ta kudu kuwa, inda manyan ramuka ke zama lokacin da Rana ta lafa a zagayenta na shekara 11, a karkace ake hango su, ma'auninsu mai rauni ne. Akwai ma wani giɓi da ya ƙi rufuwa: maganaɗisun da kumbuna ke aunawa a sarari ya kan kai ninki biyu na wanda lissafi ke cewa ya fito ta ramukan da ake gani.

Shi ya sa ba a yarda da lissafin shi kaɗai, sai an nemi shaida daga jikin iskar. Yawan ilektiron da ƙwayar oksijin ta rasa yana tsayawa cak tun kusa da Rana, inda iskar ta yi sirara har karo tsakanin ƙwayoyi ya daina, kuma ba ya sake canzawa a hanya. Iskar rami tana zuwa da ƙarancin oksijin mai rashin ilektiron bakwai idan aka gwada da mai rashin shida, alamar ta fito daga wuri mai sanyi-sanyi. Haka kuma baƙin ƙarfe da maganiziyom da silikon sun fi yawa a iska mai nawa, ninki biyu zuwa huɗu, a mai gudu kuwa sun yi kusa da yadda suke a fuskar Rana. Madubi mai rarrabe haske yana iya auna wannan a kan Rana, kumbo ya auna shi a sarari, a gwada.

Kumbon Ulysses, wanda aka harba a 1990, ya yi amfani da jan Jufita ya fita daga shimfiɗar da duniyoyi ke kewayawa, ya bi ta saman ƙuryar kudu a 1994 da ta arewa a 1995. Ya tarar da iska mai gudun kusan 750, shiru ba hargitsi, ta cika mafi yawan sararin. Sai dai ba shi da kyamara. Kumbon SOHO, da aka harba a Disamba 1995, shi ke da idanu, kuma ya ƙara dagula lissafi: a cikin ramuka ƙwayoyin oksijin sun fi furoton zafi nesa ba kusa ba, sama da digiri miliyan 100. Wurin da ilektiron ya fi sanyi a korona shi ke fitar da iska mafi gudu, abin da zafi kaɗai, kamar yadda Parker ya fara lissafawa, ba zai iya bayarwa ba. Akwai wani ƙarfi da ake ƙara mata a sama.

Daga nan aka fara ware lokaci na musamman da kowa zai juya na'urarsa wuri guda. An yi na wata ɗaya daga Agusta zuwa Satumba 1996, lokacin da wani dogon rami da aka laƙaba wa hancin giwa ya gangaro daga arewa ya ƙetare tsakiyar Rana. An sake yi daga Maris zuwa Afrilu 2008, da kumbon Hinode da tagwayen kumbunan STEREO a ciki.

Kumbon Parker Solar Probe, daga Agusta 2018, ya rage matsalar ta hanyar matsawa kusa. A nisan kilomita miliyan tara iska ba ta fi awa shida zuwa bakwai da tashi ba, Rana ba ta juya fiye da digiri huɗu ba, kuma ƙoramu ba su gama cakuɗewa ba. A 24 ga Disamba 2024 ya kai kilomita miliyan 6.1 daga fuskar Rana. Amma ba ya iya kallon faifan, garkuwar zafi ce a gabansa. Solar Orbiter, na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai da NASA, wanda ya tashi a Fabrairu 2020, yana ɗauke da na'urori goma, shida na kallo, huɗu na taɓawa. Madubansa masu kaifi ɗan fili kaɗan suke gani, kuma dole a aika umarnin inda za su kalla kwanaki kafin iskar ta iso kumbon. Ma'ana ana hasashen mafarin ne da waccan taswira mai ɗinki. In hasashen ya kauce, hoton ya yi kyau amma na wani wuri ne dabam.

Inda aka dace, an samu riba. A Fabrairu 2022 kumbunan biyu suka faɗa kan ƙorama guda: Parker a nisan ninki 13 na rabin faɗin Rana, Solar Orbiter a ninki 128 bayan kusan kwana biyu. Gudun ya tashi daga kusan 390 zuwa 510, kuma ƙarfin da igiyoyin maganaɗisu na Alfven suka rasa a tsakani ya yi daidai da abin da ake buƙata don ƙarin gudun da zafin. A 30 ga Maris na shekarar, Solar Orbiter ya ga ƙananan tartsatsi birjik a ramin ƙuryar kudu, kowane yana ɗaukar daƙiƙa 20 zuwa 100, yana fita da gudun kusan kilomita 100 a daƙiƙa. Ko su ne ke ciyar da iskar gaba ɗaya, ko wani kaso nata, ana kan muhawara.

Bayan ya ratsa kusa da Zuhura a Fabrairu 2025, Solar Orbiter ya karkata da digiri 17 daga tsakiyar Rana, ya ɗauko hotunan ƙuryar kudu na farko a Maris, tare da ma'aunin maganaɗisunta. Lokacin Rana na tsakiyar tashin hankalinta na zagayen shekara 11, ƙuryar a hargitse take, babu babban rami a kanta. Karkatar za ta ƙaru a ratsawar da ke tafe, daidai lokacin da ramukan ƙurya ke sake haɗuwa yayin da Rana ke lafawa.